Abin da Na Ɗauko wa Baba Idirisu Daga Bahar Maliya

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta, da yammacin da aka haska hotunan da na ɗauko daga ƙarƙashin Bahar Maliya a gaban dattawa, a wani falo da ke hawan ƙarshe na wani bene a Hayyin Ashir, wata unguwa a Alƙahira. Amma kafin in kai mai karatu falon nan, wajibi ne in fara bayyana yadda aka yi kyamara ta shigo hannuna, domin labarin da aka yanke wa kai ba ya yi wa kowa adalci, har da mai laifin.

A lokacin ban daɗe da kammala digirina a fannin hadisi ba. Ina zaune a unguwar Darrasa, ina zirga-zirga zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar birni, domin a buga wa takarduna hatimi, kuma ba ni da wani aiki sai jira. Karatun hadisi yana koya wa mutum kada ya karɓi magana sai ya san wanda ya faɗe ta da wanda ya jiyo ta daga gare shi. Wannan tarbiyya ce mai kyau a cikin littafi. Matsalata ita ce, ni na fito da ita daga littafi na shiga da ita kicin da kasuwa da bakin famfo. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya sauka har titi, sannan ya sake hawowa ya taɓa kwaɗon. Idan aka tambaye ni ko ruwan shayi ya tafasa, amsata ita ce alamu sun nuna haka. Saboda wannan hali abokaina suka sa mini suna Muhaƙƙiƙ, wato mai tantancewa (na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin yabo, kuma babu wanda ya ga dalilin gyara mini).

Abokan nan biyu ne. Mahamadu mutumin Maraɗi ne, yana gyaran waya a wani shago a Wustul Balad, kuma bakinsa ba ya hutawa ko da hannunsa yana aiki. Usman kuwa Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji suka yada zango a bakin bahar, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro su Alƙahira shi da iyayensa.

Mahaifin Usman, Baba Idirisu, ya ƙare ƙuruciyarsa yana nutso a Bahar Maliya yana tsinto kwanson ruwa, ba tukunyar iska, ba komai, sai numfashin da Allah ya ba shi. Bai taɓa yarda Usman ya bi sawunsa ba. Makaranta ya tura shi, ya kuma hana shi wuce inda ruwa ke kai wa gwiwa. Yanzu ƙafafunsa sun ƙi, benen da suke haya ba shi da lif, tagarsa kuma tana kallon bangon maƙwabta ne. Mutumin da ya saba buɗe ido ya ga ruwa har iyakar gani, ya koma kallon shanyar wasu.

Da Usman ya ce masa za mu je Gardaƙa, wani gari a bakin Bahar Maliya, a ƙarshen mako mu gwada nutso irin na zamani, mun zaci faɗa zai yi. Sai ya dube mu ya ce, “Ku kawo mini hotonsa a ƙarƙashin ruwa. Ba a bakin ruwa ba, ba a kan jirgi ba, wannan kowane baƙo yana da irinsa. Ni na hana shi shiga. Ina so in ga ɗana a inda na yi rayuwata, tun idanun suna gani.”

Usman ya ce, “Khalas, Baba, an gama.”

A kan matakala muna saukowa aka tayar da maganar wanda zai riƙe kyamara. Mahamadu ya zame tun kafin a kira sunansa. Ya ce, “Ni dai kun san ni, idan na ga kifi zan bi kifi, in manta da ɗan mutane.”

Usman ya dafa kafaɗata ya ce, “Muhaƙƙiƙ ne zai ɗauka. Mutumin da wasali ɗaya ba ya kuɓuce masa a littafi, ai ni ba zan kuɓuce masa ba.”

Na karɓa da ƙanƙan da kai a fuska, da alfahari a ciki. Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan nutso, na kalli bidiyoyi har wayata ta yi zafi, na koyi sunayen cututtukan da ke kama mai nutso waɗanda da ban san su ba da na fi samun barci. A cikin karatun nan ne na ci karo da wani bayani da ya zame mini ƙaya: wai launin ja yana dusashewa idan aka yi ƙasa cikin ruwa, har ya koma kamar ruwan ƙasa. Na ajiye shi a raina a matsayin ilimin ɗaukar hoto. Ban san inda zai ɓullo mini ba.

Ranar Alhamis muka hau bas. Juma'a muka yi salla a garin, da la'asar aka kai mu ruwa mara zurfi aka koya mana numfashi ta baki. Nutson gaske sai Asabar da safe, kuma sau ɗaya ne, domin bas ɗinmu na komawa da rana zai tashi. Malamin nutson, wanda kowa ke kira Kabtin, wani ƙaƙƙarfan Bamisire ne mai taƙaita magana. A kan jirgi ya ɗaura mana tukwanen iska a baya, ya ba mu gilashin fuska da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa, sannan ya ɗaga wani ɗan agogo da ke rataye a jikin tiyo, wanda ke nuna yawan iskar da ta rage a tukunya. Ya ce kada mu riƙe numfashi, kada mu taɓa komai, kuma duk wanda ya ga allurar agogonsa ta kusa jan layi ya nuna masa.

Na ce, “Kabtin, kusa kamar yaya?”

Ya ce, “Kusa, ya Shehi.”

Na ce, “Ina nufin, idan ta taɓa layin, ko idan ta doshi layin?”

Mahamadu ya ce, “Kabtin, ma'alish, ka yi haƙuri, wannan ba a ce masa kusa. Sai ka faɗa masa wanda ya ruwaito maka.”

Kabtin ya yi dariya ya ce yana tare da mu, ba abin da zai faru, yalla, mu tafi. Ya rataya mini kyamarar da muka yi haya a wuyan hannu, tana cikin akwatinta na gilashi, ya nuna mini maɓallin da zan danna. Muka sauka.

Adalci ya sa in ce abin da na gani a farkon saukarmu ya fi ƙarfin bayanina. Murjanin da na sani a wuyan iyayenmu mata, ashe a nan dazuka ne da duwatsu, kifaye kuma suna ratsa su garke-garke ba su damu da mu ba. Na ga Usman a gabana yana juya kai dama da hagu kamar wanda ya shiga gidan kakansa karon farko. Na yi tasbihi a zuci. Da a ce na tsaya a nan na ɗaga kyamara na danna, da wannan rubutu bai samu ba.

Sai na ce bari in duba agogo tukuna.

Na duba, allura tana can nesa da haɗari. Na sake shi. Ban yi numfashi uku ba sai wata murya da na sani sarai, wadda ke tambayata a tsakiyar salla ko raka'a ta nawa nake, ta ce: ka tabbata abin da ka gani ke nan? Na sake ɗagowa. A nan ne na lura jan layin ba ja ba ne kuma; ya yi duhu, ya koma wani launi tsakanin ƙasa-ƙasa da baƙi. Bayanin da na karanta ya faɗo mini. Idan ja ba ya zama ja a nan ƙasa, to da me zan gane na kusa ja? Kuma idan launi yana yaudarar ido, wa ya ba ni tabbacin allurar ba ta yaudararsa? (Na san yanzu cewa lambobi suna nan rubuce ɓaro-ɓaro a jikin agogon, kuma Kabtin yana leƙa na kowa lokaci zuwa lokaci. Amma mai waswasi ba rashin hujja ke damunsa ba.)

Numfashina ya ƙaru. Kumfa ta riƙa fita daga bakina kamar tukunyar da ta tafasa. Ina cikin wannan hali sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauke ta a matsayin buɗi: tunda ina da kyamara, me zai hana in ɗauki hoton agogon? Ido yana mantuwa, hoto ba ya yi. Idan na ɗauka yanzu, na sake ɗauka an jima, sai in kwatanta in san saurin da iskar take ƙarewa. Na riƙe agogo da hagu, kyamara da dama, na danna. Hoton da ya bayyana a ɗan allon bai fito sosai ba, na sake. Na biyun ya fito, amma kumfa ta rufe allurar, na sake. Na ukun ya yi kyau, sai dai kafin in gama duba shi lokaci ya wuce, ya zama tsohon labari, ana bukatar sabo.

Ina sane da Usman. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ta gefen gilashina ina hango shi ya tsaya kusa da wani tudun murjani, ya buɗe hannuwa, yana jirana. Nakan ce a raina, yanzu zan juyo gare ka, bari in tabbatar da wannan ɗaya. Shi kuma da yake yana ganin kyamara a gaban fuskata, hannuna yana dannawa, ya sakankance aiki ake yi. Ya canza tsayuwa. Ya ɗaga hannu. Ya kwanta a cikin ruwa kamar mai tashi sama. Ni kuwa ina nan ina tattara hujjoji a kan allura.

Can sai na ji an fizgi ƙafata. Mahamadu ne, idanunsa sun cika gilashi, yana nuni da hannu biyu. Na waiga. Wata ƙatuwar kififiya ce (kififiya, ba kunkuru ba, kunkuru na tudu ne) ta taho a hankali, ta ratsa ta bayan kafaɗar Usman, kusa har da zai miƙa hannu da ya taɓa ta. Na ɗaga kyamara na danna, na sake dannawa. Abin da ban iya tunawa ba, a lokacin da kuma bayan nan, shi ne ko na sauke hannun hagu mai riƙe da agogo daga gaban kyamarar.

Ba a jima ba Kabtin ya iso, ya kama agogona ya duba, ya dube ni, ya yi mana alamar mu hau gaba ɗaya. Ashe mai firgita yana shan iska ninkin na mai natsuwa. Tsabar tsoron kada iska ta ƙare, na ƙarar da ita, na kuma katse wa kowa nutsonsa alhali tukwanensu da saura.

Usman bai damu da wannan ba. Yana cire gilashi ya rungume ni da jiƙaƙƙun kaya. Ya ce, “Ka gan ta? Ta bayan kafaɗata ta wuce. Ka ɗauka?”

Na ce, “Na danna.”

Ban yi ƙarya ba, kuma na san ban faɗi gaskiya ba. A shagon da muka yi hayar kyamarar aka juye hotunan a filashi, Usman ya karɓe ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Na ce ko za mu ɗan duba su tukuna. Ya ce, “Wallahi babu wanda zai riga Baba gani, ko ni.” Tunda ya rantse, ba ni da ikon sa shi kaffara.

Tafiyar komawa ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Hamada tana wucewa ta taga, Usman yana barci hannunsa a kan aljihu, ni kuwa na kasa zama a gefe ɗaya na kujera. Ina so in faɗa masa, amma ina neman lafazin da zai dace da haƙiƙa. Idan na ce ban ɗauke shi ba, wataƙila na ɗauka, na tayar masa da hankali a banza. Idan na ce na ɗauka, wataƙila ban ɗauka ba. Na gina jimla na rushe, na gina na rushe. Da muka tsaya shan shayi a hanya na ja Mahamadu gefe na ce, “Akwai yiwuwar wasu daga cikin hotunan ba su zo yadda ake zato ba.”

Ya ce, “Kai kullum akwai yiwuwa. Ranar aurenka ma cewa za ka yi akwai yiwuwar an ɗaura. Sha shayinka.”

Ranar Lahadi bayan la'asar muka hau benen. Tun daga ƙofa na ga takalma sun yi yawa. Baba Idirisu ya gayyato abokansa, dattawan Bur Sudan da ke unguwar, sun sha fararen jallabiyoyi sun cika falon. Mahaifiyar Usman ta dafa gahawa mai citta, ƙamshinta ya cika gidan. An jawo kujerar Baba gaban talabijin. Da na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce wa dattawan, “Wannan ne malamin da ya ɗauko. Usman ya ce duk Darrasa babu mai kula irinsa.”

Usman ya soka filashin a jikin talabijin. Hoton farko ya fito: agogo, ya cika allon, da babban yatsana a gefensa. Usman ya ce gwaji ne, ya wuce. Na biyu agogo. Na uku agogo da kumfa. Ya riƙa dannawa, sauri yana ƙaruwa, falon yana ƙara yin tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kofi a kan faranti. Ban ƙirga su ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga abu a jere na ƙi ƙirgawa.

Wani dattijo mai raunin gani ya matso da fuskarsa ya ce, “Wannan wane irin kifi ne mai ido ɗaya?”

Mahamadu ya ce, “Baba, sabon iri ne. Duk inda Malam ya juya yana biye da shi.”

Ya kamata in yi shiru. Maimakon haka sai na miƙe tsaye, na fara bayani a kan yadda launin ja yake dusashewa a cikin ruwa, da dalilin da ya sa kwatanta hoto da hoto ya fi dogaro da ido. Na yi maganar a tsare, da gabatarwa da misali. Ina tsakiyarta na dubi Usman, na ga ba ni yake kallo ba, mahaifinsa yake kallo. Sai maganar ta mutu a bakina, na zauna.

Hotuna biyu na ƙarshe su ne na kififiya. Agogon yana nan a tsakiya, ya fito tangaran, ana iya karanta kowace lamba. A kusurwar sama akwai wani abu mai kama da gefen faranti, wanda ni kaɗai na san bayan kififiya ne. A kusurwar ƙasa kuma ƙafa ce guda, daga gwiwa zuwa takalmin roba.

Baba Idirisu ya ce, “Tsaya nan.” Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Ƙafar Usman ce. Ƙwaurin uwarsa ya ɗauko.” Daga kicin aka ce an ji. Dattawa suka ɗan murmusa, na fara jin kamar zan tsira. Sai ya juyo gare ni, ba da faɗa ba, ya ce, “Malam, kai da kake tare da shi a ƙasa, ya ji tsoro?”

Tambayar da ya tara mutane dominta ke nan, kuma ni kaɗai aka aika in gano amsarta. Na nemi lafazi, a wannan karon ban sha wahalar samunsa ba. Na ce, “Ban sani ba, Baba. Ban duba fuskarsa ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Kai fa?”

Na ce, “Ni na ji.”

Ya ce, “Wannan kam mun gani.”

Dariyar da aka yi ta kai har matakala, na san haka domin can na koma na zauna. Ta ƙofa ina jiyo Baba yana cewa Usman ya matso ya ba shi labarin da baki, ina jin Usman yana kwatanta kififiyar, muryarsa ba ta da daɗi da farko, daga baya ta saki. Bai yi mini magana ba a ranar, kuma ya ɗauki lokaci kafin ya koma kirana da kowane suna.

Bayan wasu watanni na je gaida Baba, na tarar da hoto a bango daidai inda kujerarsa take kallo: Usman a ƙarƙashin ruwa, fuskarsa a sake, kifaye sun kewaye shi. Ashe sun koma shi da Mahamadu ba su gaya mini ba, kuma Mahamadu, mai bin kifi, shi ya ɗauka. Na tsaya na duba hoton da kyau. Ya ɗan karkace zuwa hagu, an kuma yanke gwiwar hannu ɗaya. Na buɗe baki, na rufe, na ce ma sha Allah.

Abin da na koya bai kai a kira shi hikima ba, amma na saye shi da tsada: wanda zai tafi har Bahar Maliya don kawai ya tabbatar yana numfashi, gara ya zauna a Darrasa, can ma ana numfashi, kuma ba a ɓata wa kowa hoto.